Kafin a Kama Hanya, a Rufe Famfo

Wannan makon da masu injin wanki da hita nake magana, daga Zongon Paraku har na Jugu.

Yawancinmu a gida muke jibge kaya: dilar atamfa, buhunan shinkafa, duk a ƙasa. To tiyon da ke ba injin wanki ruwa, muddin famfonsa na buɗe, a cike yake dare da rana. Ran da ya fashe Alhaji yana Kwatano sarin kaya, Hajiya tana kasuwar Arzeke, jari ne zai jiƙe, ga takardar SONEB na tafe.

Shawarata, a rufe famfon bayan kowane wanki, a sauya tiyo duk shekara 5. Hita kuwa a leƙa gindinta. In an ga tsatsa ko ɗiga, a kashe wutarta tukuna, sannan a kira mai gyara.

Ga gwaji: ku rufe famfuna duka, ku duba mita. In tana juyawa, akwai yoyo.

Ranar tafiya a rufe babban famfo, a ɗora kaya kan katako. Allah Ya tsare mana dukiya.