RA'AYINMU: Kada Mu Sa wa Dawuda Sulken Saul



Kowace shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, salama takan yi ƙaura daga gidaje da yawa cikin ikilisiyoyinmu. Uba ya ce likita, ɗa ya ce shi aikin gona yake so ya karanta. Uwa ta ce nas, 'ya ta ce zanen gine-gine ne a ranta. Daga ƙarshe maganar takan iso ofishin Fasto, sau da yawa bayan an riga an ɓata shekara biyu ko uku. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi matsayinmu a fili: iyaye su ba da shawara, su yi gargaɗi, su yi addu'a, amma aikin da mutum zai shafe shekara 30 ko 35 yana yi, a bar shi ya zaɓa bisa ga baiwar da Allah ya ba shi.

Mun san iyaye ba da mugunta suke matsawa ba. Kakanninmu sun ga haske ta makarantu da asibitocin mishan na Wusasa da Gindiri da Vom da Garkida, inda yaron ƙauye yakan fito malamin makaranta ko ma'aikacin jinya ya ɗaga gidansu duka. Daga Wusasa ne Dakta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa. Ban da wannan, a wuraren da muke 'yan tsiraru, da yawa cikinmu sun ɗanɗani wahalar neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ko aikin gwamnati ba tare da uban gida ba. Uban da ya sha wannan yana so ɗansa ya riƙe takardar da ba wanda zai iya rainawa. Tsoron nan gaskiya ne, ba mu kuwa raina shi ba.

Amma mu dubi yadda abin yake tafiya. Tun a aji ɗaya na babbar sakandare ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci, lokacin yaro bai fi shekara 14 ko 15 ba. Mai neman likitanci dole ya rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar JAMB. A shekarar 2024 ɗalibai fiye da miliyan 1.8 suka zauna wannan jarrabawa, kusan kashi uku cikin huɗu kuma ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gurbin likitanci kuwa ƙayyadadde ne, domin hukumar kula da aikin likitoci ce ke yanke yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. Wanda ya samu shiga yana da shekara 6 a gabansa, da shekara guda ta koyon aiki a asibiti. Yaron da aka tura wannan hanya ba da son ransa ba yakan maimaita jarrabawa har sau uku, ko a kore shi a aji biyu na jami'a. Kuɗin da aka sayar da masara da akuya aka tara sun tafi, yaron kuma ya dawo gida yana ganin kansa marar amfani, alhali kuwa hanyar ce ba tasa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Littafi Mai Tsarki bai raba ayyuka zuwa masu daraja da marasa daraja ba. A Fitowa sura 31, Bezalel ne Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin zinariya da sassaƙar dutse da itace. Luka likita ne, Bulus kuwa mai ɗinkin tanti, dukansu sun yi wa Ubangiji ɗaya hidima. Da Dawuda zai fuskanci Goliyat, Sarki Saul ya sa masa sulkensa da kyakkyawar niyya. Sulken na sarki ne, ba abin da ya same shi, sai dai Dawuda bai saba da shi ba, har ya kasa tafiya. Da majajjawar da hannunsa ya sani ya ci nasara. Iyaye da yawa yau suna sa wa 'ya'yansu sulken da su kansu suka yi marmarin sawa ba su samu ba.

Tarihi ma ya shaida. Mahaifin Martin Luther ya so ɗansa ya zama lauya, har ya fara karatun shari'a a Erfurt ta ƙasar Jamus a shekarar 1505, amma ya bari ya shiga hidimar Allah, uban kuwa ya yi fushi ƙwarai. Luther ɗin nan ne daga baya ya koyar cewa aikin manomi da na baduku kira ne daga Allah kamar aikin mai wa'azi. Chinua Achebe, ɗan malamin mishan, ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likitanci. Bayan shekara guda ya koma adabi da tarihi, ya rasa tallafin, 'yan'uwansa suka taimaka masa ya gama. Yau duniya duka ta san alƙalaminsa. Ladi Kwali kuwa ginin tukwane ta koya tun tana yarinya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Ku matasa, kada ku ɗauki wannan rubutu ku yi wa iyayenku tsiwa da shi. Sha'awa daban, baiwa daban. Wanda ya ce waƙa yake so amma ba ya zuwa koyon waƙa a ƙungiyar mawaƙa, wanda ya ce injiniya yake so amma yana gudun lissafi, bai san abin da yake so ba tukuna. Baiwa takan nuna kanta ta wurin naci da sakamako. Ku kawo wa iyayenku shiri: ga abin da zan karanta, ga makarantar, ga kuɗin da za a kashe, ga yadda zan ci abinci da shi. Ku kuma tuna akwai ƙanne a bayanku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, don haka ku saurara da ladabi. Afisawa sura 6 da ta umarci 'ya'ya su girmama iyaye, ita ce kuma ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu. Umarnin na ɓangare biyu ne.

Ga dattawan ikilisiya muna da roƙo uku. Na farko, kowace majami'a ta keɓe rana ɗaya a shekara domin yaran da ke aji uku na ƙaramar sakandare da iyayensu, a gayyato likita da malami da kafinta da tela da manomi daga cikin membobinmu, kowa ya faɗi daɗi da wuyar aikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, idan ana godiya domin masu gama jami'a, a kira masu gama koyon sana'a su ma su fito gaba a yi musu addu'a. Na uku, mu Fastoci mu fara da gidajenmu. Ɗan Fasto ba dole ne ya shiga makarantar tauhidi ba, domin kira ba gādo ba ne. Mimbari da wanda ba a kira ba ya hau yakan zama nauyi gare shi da kuma garken.

'Ya'ya amana ce a hannunmu. Wanda ya ba su baiwa ya san abin da zai yi da ita. Ubangiji ya ba iyaye haƙuri, ya ba matasa tawali'u, ya bi da gidajenmu cikin salama. Amin.