Ra'ayinmu: A Fito da Littattafai Daga Kabad, a Miƙa Su Hannun Yara

Ya ku 'yan'uwa malamai, duk wanda ya taɓa riƙe aji shida a cikinmu ya san wannan takaici: ka miƙa wa yaro takarda mai layi biyar da Hausa, harshen da ya sha a nono, ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa. Shekara shida yana zuwa makaranta, ya kwafi duk abin da muka rubuta a allo, amma bai taɓa riƙe littafin labari ya karanta daga bango zuwa bango ba. Allo yana koya wa yaro haruffa da gaɓoɓi. Sabo da karatu kuwa sai da littafi a hannu.

Mu a nan Dosara da kewayen Maradun, Bakura da Talata Mafara, wannan batu ya fi yi mana nauyi. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka sace 'yan mata a Jangebe cikin watan Fabrairu, aka kuma sace ɗalibai a Kaya cikin Satumba, har aka rufe makarantu a faɗin jiha. Da aka dawo mun ga bambanci da idonmu. Yaron da ke da abin karantawa a gida ya dawo da karatunsa, wanda ba shi da shi kuwa sai da muka koma da shi kan baƙi da wasali. Saboda haka ne muka ga ya wajaba mu bayyana littattafan da muke ganin sun dace da kowane mataki, mu kuma faɗi yadda za su kai ga yara.

A aji ɗaya zuwa uku, abin da ake buƙata shi ne littafi mai manyan haruffa, da gajerun jimloli, da hotuna. A nan muna ba da shawarar a ci gaba da amfani da littattafan shirin RANA, wanda aka fara a Zamfara da Katsina tare da tallafin UNICEF domin koyar da karatu da lissafi da Hausa. An tsara su daki-daki, daga sauti zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma. Da tsohuwar zuma ake magani, don haka kada a raina Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, waɗanda da yawa daga iyayenmu da malamanmu suka buɗe ido da su. A haɗa da Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito littafi shida a farkon shekarun 1970. Yaron da ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa, idan ya gamu da su a rubuce, sai ya ji takarda ta zama ta gida.

A aji huɗu da biyar, lokaci ya yi da yaro zai shiga dogon labari. Babu abin da ya kai Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka wallafa littafi uku a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, kuma tun asali domin makarantu aka rubuta shi. Labaran da aku ke bai wa ɗan sarki gajeru ne, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya, ga hikima, ga ban dariya, ga Hausa mai tsabta. Sai Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a 1933. Ba mu taɓa ganin ajin da aka karanta rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yara suka yi gyangyaɗi ba. Sai kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ga masu son labarin jarumtaka, da Ikon Allah ga masu yawan tambaya game da halittu.

A aji shida a ƙara musu da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ke kai yaro yawo sararin samaniya, da Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda zai buɗe musu ƙofar tarihin zamanin bauta da ayarin fatake masu ƙetare hamada. A wannan mataki ne kuma ya dace a sa musu littattafan Turanci masu sauƙi irin su Chike and the River na Chinua Achebe. Ba ma gaba da Turanci, domin da shi za su rubuta jarrabawa. Abin da muka gani a aji shi ne, yaron da ya ƙware a karatun Hausa ya fi saurin kama na Turanci, domin dabarar haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonta.

Sai dai akwai gargaɗi. Ba kowane littafin Hausa ne na yara ba. Dare Dubu da Ɗaya, alal misali, yana da wuraren da ba su dace da ɗan firamare ba, haka ma yawancin littattafan soyayya da ke kasuwa. Ko a cikin waɗanda muka ambata akwai tsofaffin kalmomi da al'amuran wani zamani da ke buƙatar bayani. Saboda haka kada malami ya miƙa wa yaro littafin da shi kansa bai karanta ba. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu nawa ne muka sake buɗe Magana Jari Ce tun barinmu kwalejin ilimi?

Wata gaskiyar mai ɗaci ita ce, a wasu makarantunmu littattafai suna nan, amma a kulle cikin kabad ɗin ofis, saboda tsoron kada su yage ko su ɓace kafin zuwan masu duba makarantu. Gara da ɓera ne ke cin moriyarsu. Littafin da ya yage a hannun yara ya yi aikin da aka saye shi dominsa, kuma ya kamata masu dubawa su riƙa tambayar littafi nawa aka ara, maimakon nawa ne suka rage sababbi.

Don haka muna kira ga kowane shugaban makaranta da ya tanadi akwatin littattafai ga kowane aji, da rajistar aro, yaro ya tafi da littafi gida ranar Juma'a ya dawo da shi Litinin. A ware minti ashirin a kowace rana malami ya karanta wa aji labari da murya. Muna kira ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu uku da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da su sa littattafan labarai cikin kayan da ake rabawa, kada a tsaya ga na darasi kaɗai. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ma su sa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, akwai littafin da babu wanda zai kawo mana daga Zariya ko Kano: wanda zai ba yaranmu labarin madatsar ruwa ta Bakolori, da noman rani, da masunta, da tatsuniyoyin Zamfara kamar yadda tsofaffinmu ke faɗarsu. Mu ne ya kamata mu rubuta shi. Kowane malami ya rubuto gajeren labari ɗaya mai shafi biyu, ya miƙa wa ofishin reshe kafin ƙarshen wannan zango, mu tattara, mu tace, mu buga, mu raba wa makarantunmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci yaran da aka damƙa mana amana.