A Koyar da Lokutan Ingilishi ta Hanyar Hausa

Tun shekarar 2025, dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasar Nijar, ta kuma aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ma'aikacin gwamnati ba ya da sauran hujjar yin sakaci da Ingilishi, balle ma wanda ke rubuta wasiƙa zuwa Katsina ko Kano.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen ƙananan kalmomin da ke rakiyar aikatau suna nuna lokacinsa: "do", "be", "have", "will". Mafi yawan kurakuran nan daga Faransanci aka ɗauko su, domin da shi ake fassara ma ɗalibi darasi a aji.

Bafaranshe ya ce "il mange", ko mutum na bisa akushi yanzu, ko kuwa al'adarsa ce. Bahaushe ya raba su: "yana ci" dabam, "yakan ci" dabam. Bature ɗan Ingila ma haka ya raba: "he is eating" da "he eats". To, don mi za a kai yaro Faransa ya manta bambancin da ya tashi da shi a gidan ubansa, sa'an nan a dawo da shi a sake koya masa? "Zai biya" kuwa "he will pay" ne, babu kwana.

Faransanci na da wani tarko. "Je l'ai vu hier" na jan hannun mai rubutu ya sa "I have seen him yesterday", alhali Ingilishi bai yarda a haɗa "have" da lokacin da aka ambata ya wuce ba. Daidai shi ne "I saw him yesterday". Haka nan "depuis": wanda ke aiki a Maraɗi tun 2010 zai ce "I have worked here since 2010". In ya ce "I worked here", mai karatu zai ɗauka ya bar aikin.

Gaskiya, a nan Hausa ba ta fitar da kowa, tunda "ya tafi" na ɗaukar "he went" da "he has gone" duka biyu. Wannan wurin sai malami ya tsaya, ya yi ta bita.

Koyarwa da harshen gida ba baƙon abu ba ce, an fara gwada ta a Damagaram tun 1973. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta sa a shirya ma malaman Ingilishi ɗan littafi da zai jera "yana, yakan, ya, zai" kusa da takwarorinsu, a raba shi a makarantun horon malamai da azuzuwan yaƙi da jahilci.