FMC Kafanchan: Kada A Bar Gwajin Fitsarin Masu Cikin Fari A Baya

Mayar da Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a shekarar 2025 ya faranta ran al'ummar Kudancin Kaduna. Yanzu da ake tsara abubuwan da za a kashe wa kuɗi, wannan jarida na jan hankalin masu rubuta kasafi a Abuja zuwa ga wani aiki mai araha da ba a cika kulawa da shi ba, wato gano cutar mafitsara a jikin mata masu cikin fari lokacin awo.

Juna biyu kan sassauta hanyoyin fitsari, mahaifa kuma tana danne su yayin da take girma, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin cuta, galibi E. coli, su samu wurin hayayyafa. Tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na masu ciki na ɗauke da ƙwayoyin ba tare da jin zafin fitsari ko zazzaɓi ba. Idan ba a magance ba, cutar na iya haurawa zuwa ƙoda, ana kuma danganta ta da haihuwar bakwaini da jarirai marasa nauyi.

Mai cikin fari na iya shiga wannan haɗari a ɓoye. Ba ta san abin da ciki ya saba kawowa ba, don haka yawan fitsari ko ciwon mara sai ta ɗauka laulayi ne. Kunya kan hana ta fara awo da wuri, kuma a gidajen da ake goyon ciki takan koma gaban iyayenta a watannin ƙarshe, ta sauya asibiti, katinta ya tsaya a wancan. Wata kuwa kemis za ta nufa a ba ta "maganin sanyi" babu gwaji.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Hanyar da ta fifita wajen gano wannan cuta ita ce renon ƙwayoyin fitsari a ɗakin gwaje-gwaje, aikin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Inda hakan bai samu ba, ta ce a rina fitsarin a duba shi da madubin likita, domin ya fi 'yar takardar da ake tsomawa inganci. Wadda aka samu da cutar a ba ta magani na kwana 7.

Matar Godogodo, Gwantu ko Kwoi ba za ta yi ta zarya zuwa Kafanchan saboda gwaji ɗaya ba. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta ƙarfafa ɗakin gwaje-gwajen cibiyar, ta haɗa kai da gwamnatin Jihar Kaduna a tsara yadda za a riƙa kwaso samfurin fitsari daga ƙananan asibitocin Jema'a, Kaura, Jaba, Sanga da Zangon Kataf, a aika sakamako ga ungozoma ta waya. Hukumar NPHCDA da hukumar inshorar lafiya ta NHIA su tabbatar asusun BHCPF, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, ya ɗauki nauyin gwajin a awon farko. Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Kafanchan kuma ta horar da ɗalibanta kan karɓar samfuri mai tsafta.

Daraktoci da hadiman ministoci da na 'yan majalisa su ne ke rubuta takardun da ake sa wa hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: su sanya wannan gwaji cikin kasafin cibiyar tun yanzu da take sabuwa.