An rubuta maka "Enterococcus" a takardar gwaji? Dakata kafin ka garzaya kemis

Yanzu ya zama yayi. Mutum ya karɓo sakamakon gwajin fitsari, kafin likita ya gani ya ɗauki hotonsa ya ɗora a Facebook ko a zauren WhatsApp yana tambaya: "Jama'a, mene ne wannan?" Cikin minti goma an tara masa likitoci ashirin. Wani ya ce ciwon sanyi ne, wata ta ce shi ke hana haihuwa, mai maganin gargajiya kuma ya ajiye lambarsa ya ce a same shi ta bayan fage. Sunan da ke yawan tayar da hankali shi ne "staph", amma Enterococcus ma yana fitowa, kuma shi kuskure a kansa yana da tsada.

Enterococcus ƙwayar bakteriya ce da ke zaune a hanjin ɗan Adam lafiya lau. Ni da kai duk muna ɗauke da ita. Iri biyu ne suka fi damun mutane: faecalis da faecium. Matsala tana farawa ne idan ta bar hanji ta shiga inda ba wurinta ba, kamar mafitsara, ko rauni, ko jini. Idan ta kai ga jini tana iya maƙalewa a zuciya, kuma wannan ciwo yana kisa. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, masu ciwon suga, waɗanda suka daɗe kwance a asibiti, da waɗanda aka sa wa robar fitsari.

To me ya sa take fitowa a gwajin saurayi ko budurwa mai ƙoshin lafiya? Sau da yawa daga yadda aka ɗebi fitsarin ne. Tun da gidanta hanji ne, tana iya zama a fatar da ke kusa, ta faɗa cikin kwalba. Shi ya sa ake cewa a wanke gaba, a zubar da farkon fitsarin, a tari na tsakiya, a kai ɗakin gwaji cikin kamar awa biyu. Likita kuma yakan duba yawan ƙwayoyin, inda ma'aunin da aka saba da shi shi ne 100,000 a mililita ɗaya, sannan ya tambaye ka: akwai zafin fitsari? Zazzaɓi? Ciwon mara ko na kwiɓi? Idan babu ko ɗaya, a mafi yawan lokuta ba a ba da magani. Mai juna biyu ce da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari ake yi wa magani ko da babu alama.

Kuma fa Enterococcus ba ta cikin cututtukan da aka sani ana ɗauka ta saduwa. A daina rusa aure da soyayya a kan takardar da ba a fahimta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganin. Allurar ceftriaxone da ake dirka wa mutane a kemis kamar ruwan sha ba ta kashe Enterococcus ita kaɗai, haka halittar ƙwayar take. Septrin ma ba abin dogaro ba ne a kanta. Ka ga ke nan ka kashe kuɗinka, ka kashe bakteriya masu amfani a cikinka, ita kuwa ka share mata fili. Faecalis yawanci tana jin ampicillin ko amoxicillin, idan kuma a mafitsara ciwon ya tsaya likita na iya rubuta nitrofurantoin. Faecium ce mai taurin kai. A 1986 aka fara gano wadda ta bijire wa vancomycin a Ingila da Faransa, maganin da ake ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. Idan aka kai nan sai a koma ga irin su linezolid, wanda kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan nau'in cikin jerin ƙwayoyin cuta masu babban haɗari a 2017, ta sake sa shi a 2024.

Kada ka ce wannan matsalar Turawa ce. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A Satumban 2024 shugabannin duniya sun yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage irin waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Najeriya ma ta fitar da shirinta na biyu na yaƙi da matsalar, na 2024 zuwa 2028.

Shiri a takarda yana da kyau, amma mai kemis ɗin unguwa har gobe zai sayar maka da ƙwaya huɗu ba tare da rubutun likita ba. Kuma a gaskiya ba duka laifin matasa ba ne: layin asibiti dogo ne, kuɗin ganin likita ya yi sama, kemis kuwa yana bakin layi. Muddin gwamnati ba ta sauƙaƙa ganin likita ba, ta kuma sa ido a kan masu tallan "maganin infekshan" a TikTok, to wa'azi kaɗai ba zai isa ba.

Namu ɓangaren dai ba shi da wuya. Takardar gwaji ta likita ce, a kai masa. A ƙasanta akwai jerin magungunan da ƙwayar ke ji da waɗanda ba ta ji, da shi zai yi aiki. Idan an rubuta magani a sha yadda aka ce, kada a raba da ƙawa ko abokin ɗaki. Idan kuwa akwai zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, amai ko ciwon kwiɓi, a ajiye waya a tafi asibiti a ranar.