Hana Sara Ba Shi Ne Kiwon Daji Ba

Wanda ya bi hanyar Kandi zuwa Malanbil, kafin ya kai garin Gene, zai ratsa gefen gandun dajin Gungun, wanda Faransawa suka keɓe tun zamanin mulkinsu. A takarda gandu ne har yau. Amma auduga ta ci wani sashe, masu gawayi sun kwashe manyan itatuwa, abin da ya ragu a wurare da yawa kututture ne da tsiro ya cunkushe a kansa kamar tsintsiya.

Magani biyu kaɗai manya suka sani: dashe da hani. Kowace shekara ran 1 ga Yuni, ranar itace a Jamhuriyar Benin, akan taru a dasa 'yan itatuwa, a yi jawabi, a tafa, a watse. Wa yake komawa da bokitin ruwa a watan Maris? Awaki ne suke komawa. Hani kuwa ya koya wa talaka darasi guda: itacen da ba nasa ba ne, gara ya sare shi da dare kafin wani ya riga shi.

Kututturen nan da ake rainawa bai mutu ba. Saiwarsa ta yi shekaru a ƙasa, ta san inda ruwa yake, ba ta bukatar kowa ya shayar da ita. Damuwarta ita ce tsiron ya yi yawa. Idan ashirin suka fito a kan gindi ɗaya, suna ƙwacen abinci da rana, babu wanda zai zama itace, kuma da wutar daji ta zo sai ta lashe su duka. Aikin shi ne mutum ya zo da wuƙa mai kaifi, ya zaɓi uku ko biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa, ya share ciyawar gindin. Abin da ya sare itacen girki ne, matarsa ta huta da tafiyar nesa. Ganyen kuma na dabbobi ne, ba kuwa ƙaramin abu ba ne a garin da yake da kasuwar shanu irin ta Gene. Baɗi ya dawo ya sake ragewa.

An gwada wannan a ƙasar Hausa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da yake mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da suke cikin gonaki itatuwa ne da aka sare. Manoma suka fara gyara sabara da kalgo maimakon ƙone su. Da fari an yi musu dariya, aka ce gonarsu ƙazama ce. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Ruwan saman Maraɗi kuwa bai kai na Gene ba.

Masu hani za su ce, in aka bar gatari ya shiga gandu, sai ya ƙare shi. To, gatarin yana ciki tuntuni, a hannun wanda ba zai dawo baɗi ba. Mai hakkin gyara fili da cin amfaninsa shi ne zai tare ɓarawon gawayi, gama asararsa ce. Dokar daji ta Benin ta 1993 ta yarda a shirya tsarin kula da gandu tare da mutanen da suke kewaye da shi. A ƙetaren kogi, Nijar ta ba ƙauyuka ikon kafa kasuwannin itace nasu tun 1992, ana yanka daji kashi kashi, ana hutar da kowane kashi. Ba ko'ina abin ya yi kyau ba: inda shugabannin ƙungiya suka cinye kuɗi, daji ya sha wuya. Wannan dalili ne na sa ido a kan asusu.

Sai a auna wa kowane ƙauyen da yake gefen Gungun yankinsa, a rubuta da sunansa, Fulani makiyaya su zauna a wurin rabon, malaman daji kuma su shiga tare da mutane su nuna tsiron da za a bari, tun kafin ciyawa ta bushe.