Kafin a soke lampon gidaje a Amurka, a faɗi wa zai biya ƴan kwana-kwana

Ƴan uwanmu da ke Ohayo da Fulorida suna ta turo saƙo a WhatsApp cikin murna: wai za a soke lampon gidaje. A Ohayo wasu ƴan ƙasa ne suka shiga tattara sa hannun jama'a don a kai maganar ga ƙuri'a, a Fulorida kuma gwamna Ron DeSantis da kansa ke tura ta. Ni dai ban ga abin murna ba tukuna.

A nan Nijar, idan gobara ta tashi a kasuwa aka kira lamba 18, sojoji ne ke zuwa, kuma gwamnatin ƙasa ke biyan su. A Amurka ba haka ba ne. Motar kashe gobara da ambulans da ke zuwa idan ka kira 911, yawanci gari ko ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyinsu, kuma babban kason kuɗin daga lampon gidaje yake fitowa. A garuruwan Ohayo da dama, mazauna kan kaɗa ƙuri'a a kan wani lampo na musamman don ƴan kwana-kwana kaɗai.

An taɓa gwadawa. A 1978 Kalifoniya ta rage lampon zuwa kashi 1 cikin 100 na darajar gida, kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga gare shi ya ragu da fiye da rabi, sai da gwamnatin jahar ta kawo ɗauki. A Nuwamban 2024 aka tambayi mutanen Dakota ta Arewa, suka ƙi sokewar.

Gaskiya tsohon da ya gama biyan gidansa, lampo na hawa kuɗin ritayarsa na tsaye, yana da hujja. A rage masa. Amma da yawa daga cikin ƴan ci-raninmu haya suke zaune. Mai gida zai huta da lampo, babu wanda zai tilasta masa rage haya, kuma idan aka cike giɓin da harajin saye, direban taksi da mai aikin sito ne za su biya a kanti.

Duk ɗan uwan da ke da takardar zaɓe, ya duba ko dokar ta faɗi inda kuɗin ambulans zai fito. In ba ta faɗa ba, kada ya sa hannu.